Bencin Bakin Ƙofa

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance. Ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka a kan kujerata, ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta ce, "Hajiya, an yi cancel ɗin prayer room ɗinmu." Na ce ta maimaita da Hausa, tunda ni ba a nan aka yanke mini cibiya ba. Ta ja dogon numfashi irin na yaran yanzu, ta ce an rufe ɗakin da suke salla, wai wasu iyaye sun ce makarantar gwamnati ba wurin addini ba ce, wasu kuma sun ce in ba a buɗe ba sai sun kai ƙara. Tun daga ranar wayar uwarta ba ta huta ba. Kowa ya zama lauya, kowa ya san doka, kowa yana aiko da murya mai tsawo ana saurare a kicin. Ni dai ina gefe raina yana ɓaci, domin wannan gardama na ji ta a garin nan tun ina da kitso biyu a ka, kuma masu yin ta ba su sake ko kalma ɗaya ba, sai dai sun sake gefe.

Lokacin da kuɗin mai suka ɓarke a gida, gwamnati ta riƙa tura ma'aikatanta ƙasashen waje kamar ana rabon goro, Babanmu yana cikinsu. Ofishinsu yana nan Landan wajen Charing Cross, mu kuma aka sama mana saman wani bene a unguwar Catford, ni da Umma da ƙanena da ke goye. Daga baya, da na yi aure na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafan soyayya na kasuwa, na ga yadda ake kwatanta Landan: garin da kyakkyawan saurayi yake dawowa daga cikinsa da ƙamshin turare da akwati mai taya. Ina son littattafan nan har gobe, amma Landan da na sani warin jiƙaƙƙun rigunan sanyi take yi, da kananzir na abin ɗumama ɗaki, da dafaffen kabeji da ke hawowa daga ƙasan bene. Da asuba ƙarar kwalaben madara ake ji a bakin ƙofa maimakon ladan. Aikina ne in sauka in ɗauko su, yatsuna suna ƙamewa, in kuma kai wanki shagon injuna a ƙarshen mako, in zauna ina kallon zannuwan Umma suna juyawa a bayan gilashi ina saƙa labarai a kansu. Umma ta zo da ƙaramin turminta tun daga gida, amma tsohon da ke zaune a ƙasa ba ya son ƙara, don haka a kan ninkakken bargo take ɗora shi, tana daka a hankali kamar mai sata.

Ni ce 'yar fari, kuma Umma macen da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta zama kusa da ni in akwai wani wurin zama. "Ke" take ce mini, in tana magana da wani kuma ta ce "yarinyar nan". Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su ce ba ta ƙaunata. Su da uwa za ta tsaya a bakin makaranta tana sumbatar su a gaban direban bas, me suka sani game da kunyar ɗan fari?

A ƙarshen layinmu akwai makaranta mai jan bulo da gicciye a saman ƙofa. Ko minti biyar ba a yi zuwa can. Baba ya wuce ta ko waiwaye bai yi ba. Shi ɗan makarantar gwamnati ne, kuma mahaifinsa ya ƙi kai shi ta mishan duk da ita ce kusa da ƙauyensu, ya gwammace a ɗora shi a bayan babbar mota a kai shi nesa. A gida abin a fili yake: ta mishan ta coci ce, ta gwamnati ta kowa ce. Da wannan lissafi Baba ya zo Landan. Ya nemo makarantar kansul, wato ta ƙaramar hukuma, wadda sai an shiga bas, ya sa ni a ciki, ya dawo gida yana jin daɗin kansa. Na tuna shi yana cire safar hannu yana cewa Umma, "Tsari ai sai Bature. A ƙasarsu coci daban, ofis daban. Boko kawai za ta yi ta dawo." Umma ta ce, "Allah ya sa," ta ci gaba da tsince shinkafa.

Safiyar farko aka kaɗa mu zuwa wani babban zaure mai dogayen tagogi, ƙasansa katako yana sheƙi yana warin man gogewa. Muka tsaya layi layi. Wata malama siririya mai furfura ta zauna a gaban fiyano, ta ɗaga hannuwanta ta sauke, sai makarantar gaba ɗaya ta buɗe baki da waƙa. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi, wani abu mai ɗumi ya cika mini ƙirji, hasken safe yana saukowa ta tagogin nan a kan gashin yara. Ku bar ni in faɗa yadda na ji shi, ko da za a ce littattafai sun ɓata ni: na ji kamar an buɗe mini ƙofar wani gida da na daɗe ina mafarkinsa. A aji in na buɗe baki dariya ake yi. A filin wasa a jikin bango nake tsayawa, hannuwana a cikin aljihu. A zauren nan kaɗai muryata take shiga cikin ta sauran ba wanda ya juyo, domin a waƙa ba a jin baƙon harshe. A nan na koyi rabin Turancina. Ban ɓoye ba kuma, na gaya wa Umma kullum da safe muna waƙa. Ta ce ai a makarantar gida ma muna yi kafin a shiga aji. Kafin sanyi ya yi tsanani malamar fiyano ta tsayar da ni bayan an watse, ta sa na bi ta sama sama har inda muryata ta ƙare, sannan ta ce a bikin ƙarshen shekara akwai baiti ɗaya da yarinya ɗaya take rerawa ita kaɗai kafin sauran su karɓa, kuma bana ni ce. A bas na dawo ranar, amma ban tuna na taka ƙasa ba.

Akwai wani abokin aikin Baba, mutumin Filato, Kirista, da muke kira Kawu. Matarsa ba ta iso ba tukuna, don haka duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo ya ci tuwon Umma. Ranar ina kicin ina wanke kwanuka, ina gwada baitin nan nawa a hankali, sai na ji murya mai kauri ta karɓa daga falo, da kalmomin Hausa, a kan wannan karin dai. Kawu ne, yana buga yatsa a hannun kujera. Da ya kai ƙarshe ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe ka ba mu 'yarka ba ka faɗa mini ba? Wannan ai da ita muke buɗe sujada a garinmu. Ta ma fi matata iya ta."

Na ji ƙarar kofin shayi a kan faranti. Baba ya ce, "Ke, zo nan. A ina kika koya?"

"A makaranta, Baba."

"Wace makarantar?"

"Wadda ka kai ni."

Kawu ya ga abin da ya ballo, ya ce, "Wallahi wasa nake." Baba ya ce, "Na sani. Ci tuwonka, ba da kai ake ba."

Washegari Baba ya sa babbar riga, ya ɗora doguwar rigar sanyi a kai, muka shiga bas tare. Shugabar makarantar mace ce mai faɗi, mai tabarau a kan sarƙa. Ta ba shi kujera ta ba shi shayi. Ina tsaye a jikin ƙofa ina jin komai. Baba ya fara da ladabi, da Turancinsa na ofis, ya ce yana jin an samu kuskure, shi makarantar gwamnati ya kawo 'yarsa. Ta ce ai nan ce. Ya ce to ya aka yi ake sujada a ciki. Ta ce saboda ta gwamnati ce, doka ce ta ce kowace makarantar gwamnati ta buɗe yini da ibada, ita kanta in ta bari sai an tambaye ta. Baba ya ce shi ya san a ƙasar Turawa an raba coci da mulki. Ta cire tabarau ta ce wataƙila Amurka yake nufi, a nan Sarauniya ce shugabar coci. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce, "To me ya raba ku da mai gicciye ta ƙarshen layinmu?" Ta yi tunani da gaske kafin ta ce su suna da limamin coci da ke zuwa duk mako, kuma rufinsu ba ya yoyo. Sannan ta kwantar masa da hankali, ta ce dokar nan dai ta ba shi ikon cire 'yarsa daga taron safe, ba wanda zai tilasta mata. Baba ya ce a cire ta. Suka yi musabaha, kowa ya gamsu. Ita ta bi doka, shi ya tsare addini. Ba wanda ya juyo ya dubi jikin ƙofa.

A bas na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, baitin fa?" Ya ce, "Wane baiti?" Na gaya masa. Ya dubi taga ya ce, ba da faɗa ba, "Ba za ki tsaya a gaban jama'a ki rera abin da ba ki yarda da shi ba. In kin girma za ki gane." Na girma, na kuma gane, ban ce bai yi daidai ba. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne inda aka ajiye ni.

Wani dogon benci ne a baranda, a bakin ƙofar zauren, ƙarƙashin ƙusoshin da ake rataye rigunan sanyi. Ruwa yana ɗiga daga rigunan a kan wuyana. Kuma a makarantar gaba ɗaya benci ɗaya ne, shi ne kuma wanda ake zaunar da masu laifi su jira shugaba ta kira su. Wata rana ina tare da yaron da ya fasa taga, wata rana da wadda aka kama da sigari. Duk malamin da ya wuce sai ya girgiza kai ya ce, "Ke kuma? Yau me kika yi?" Ta bayan ƙofa ina jin fiyano, ina jin an zo daidai wurin da nake ɗaga murya, ina danne leɓɓana. Wani abin haushi kuma, bayan an gama addu'a a zauren ake yin duk sanarwa. Sai in zo ba kayan wasanni, sai in zo ranar da aka ce kada a zo. Da Baba ya yi ƙorafi aka ce to in an gama addu'a a buɗe mini in shiga. Haka kullum za a ce amin, a yi tsit, ƙofa ta yi ƙara, kawuna su juyo gaba ɗaya, in taka katakon nan ni kaɗai takalmina yana amsawa har in kai layinmu. Wannan shi ne maganin da manya masu ilimi suka zauna suka samo. Malamar fiyano ta daina haɗa ido da ni. Ta ba wata yarinya baitina. Na daina waƙa a kicin, na daina magana sai an tambaye ni, abinci ma tsakura nake.

Umma ba ta tambaye ni komai ba. Ba a haka. Wata safiya kawai na ga ta goya ƙanena, ta yafa babban mayafi a kan rigar sanyin Baba, ta biyo ni tashar bas. Matar da ko shagon kusa ba ta zuwa ita kaɗai, ba ta jin Turanci sai "na gode" da "nawa ne". Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Ina kuma za ki?" Ta ce, "Gidan nan sanyi, Malam, kananzir ba ya isa. An ce makarantarsu akwai ƙarfen ɗumi a bango. Yaron nan tari yake." Ƙanena lafiyarsa ƙalau.

Ta shigo barandar, ta dubi bencin, ta dubi rigunan da ke ɗiga, ta dubi wani yaro mai jan kai da ke jiran hukunci. Ta zauna a can ɗaya ƙarshen, nesa da ni iyakar tsawon bencin, ta juya mini gefe, ta fito da carbi. Da wani malami ya zo wucewa ya buɗe baki zai yi tambayarsa ta kullum, sai ya gan ta, ta ɗago ta kalle shi irin kallon da take yi wa mai nama in ya rage awo. Ya rufe baki ya wuce. Shugaba ta fito ta yi mata dogon bayani, Umma tana murmushi tana cewa "na gode" da Turanci, ba ta motsa ba. Kashegari ta dawo. Haka ta riƙa yi kullum har aka saba, mai shara yana ajiye mata kujera tana ƙi, tana zama a bencin. Ba wanda ya ƙara tambayata laifin da na yi. In an buɗe ƙofa zan shiga jin sanarwa, sai ta miƙe tsaye tana gyara goyo a daidai bakin ƙofar, kawunan da ke juyowa duk su koma kanta da atamfarta mai ruwan goro, ni kuwa in sulale in shige layi.

Bikin da rana aka yi shi, iyaye suka cika zaure. Mu muna bencinmu. Fiyano ya fara, na gyara zama kamar ni za a kira. Aka yi shiru, yarinyar ta ɗauki baitin. Ba laifinta ba ne, amma muryarta siririya ce, da ta zo wurin hawa sai ta karye, ta lallaɓa ta wuce. Hawaye masu zafi suka zubo mini, na kasa tsayar da su, na cusa fuskata a cikin rigar wani da ban sani ba. Carbin Umma ya tsaya. Can ta gyara wa ƙanena hula, ta ce masa, shi da ko magana bai fara ba, "Kai, ka ji wannan? Kamar sauro a cikin kwalba. Ta gidanmu ta fi." Iyakar yabon da na taɓa samu daga bakinta ke nan, kuma ba ni ta gaya wa ba. Na riƙe shi fiye da duk wata kalmar so da na karanta a littafi.

Bayan 'yan kwanaki, da yamma, Umma tana daka yaji a kan bargonta, ni ina ninke wanki. Sai na ji wani kari yana tashi tare da taɓarya, a hankali, ta hanci. Na tsaya cak da zane a hannu. Baitina ne, daidai, har da wurin hawan, ba ta karya shi ba. Makonni tana zaune a bakin ƙofar nan, waƙar ta shige ta ba ta sani ba. A daidai lokacin Baba ya shigo daga ofis, yana tsaye da lema tana ɗiga. Ya saurara. Ya dube ni, bakina a rufe. Ya dubi matarsa.

"Ke ma?"

"Ni ma me, Malam?"

"Kin san abin da kike rerawa?"

Ta tsayar da taɓarya, ta yi salati, ta rufe baki da gefen mayafi. Baba ya jingina lemar a bango, ya zauna a kan matakala da rigar sanyinsa, ya ce, "Na cire ɗaya, na kai biyu." Ina jin dariya ce ta so kama shi, ya danne. Bai mayar da ni zauren ba, ban kuma ƙara roƙo ba. Amma da ƙanena ya isa shiga makaranta, ta ƙarshen layinmu ya kai shi, mai gicciyen. Ya ce tunda duk ɗaya ne, gara wadda ta rubuta abin da take yi a ƙofarta, ga shi ba a shiga bas.

Yau komai ya juye. Yaran da ke cikin zaure a da su ne suke cewa a fitar da addini, namu kuma su ne suke cewa a bar shi. Masallacin Regent's Park da muka riƙa zuwa kallon gininsa yanzu ranar Idi ba wurin sa ƙafa. Jikata tana zuwa aji da hijabi, ana dafa musu abin da za su iya ci, ba ta taɓa ɗauko kwalbar madara da daskararrun yatsu ba. Ba na yi mata baƙin ciki. Amma in na ji manya suna ta jifan juna da doka a waya, wannan ya ce 'yanci, wancan ya ce tsari, sai in ga shugaba mai tabarau da Babana suna musabaha, kowa ya gamsu. Duk yadda suka yanke, akwai yaron da za a ajiye a baranda, kuma ba ɗaya daga cikinsu da zai je ya ga ko rufin yana ɗiga.

Jiya na tambayi jikata inda za su yi azahar yanzu. Ta ce ƙawayenta sun ce sai sun dawo gida su rama, ita dai ta ga wani lungu a baranda, kusa da inda ake rataye kaya. Na ce, "Ke kaɗai?" Ta ɗaga kafaɗa. Na tashi na ɗauko darduma mai kauri na sa mata a jaka, domin na san sanyin ƙasan nan. Sannan na laluba aljihun rigar sanyina na tabbatar katin bas ɗina yana nan. Ta ce, "Hajiya, ina za ki?" Na ce gidan nan sanyi, an ce makarantarsu akwai ɗumi.